Banki Ya Mayar da Kuɗin Kati: Shin Bashi Ya Faɗi Ke Nan?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki a tsakanin bayinSa, Ya kuma sanya amana ta zama gishirinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ranar sakamako. 

A wannan fitowa mun jingine maganar gado da muka fara, domin wasiƙu biyu sun iso mana a kan al'amari guda, kuma mun ga cewa kowacce tana da gaggawa ga mai ita. Kamar yadda muka saba a wannan fili, mun sakaya sunaye.

Wasiƙa ta farko daga wani maɗinki ce a Yamai, mai shagon manyan riguna da aikin surfani, wanda yake sayar wa ƴan'uwanmu mazauna ƙasashen waje ta hanyar intanet. Gab da Babbar Salla wani bawan Allah da ke zaune a Faransa ya yi odar ɗinkin shadda kala uku a kan jikka 240, ya biya da katin banki, aka aika masa da kaya. Bayan wata biyu sai banki ya zare wannan kuɗi daga asusun maɗinkin, har da wani ƙari na ladan aiki, wai mai saye ya ce kaya ba su iso ba. Maɗinkin ya ce shi da idonsa ya ga hoton mutumin a Facebook sanye da ɗaya daga cikin rigunan ranar Idi. Tambayarsa ita ce: tun da banki ya riga ya yanke, shin yana da ikon bin mutumin bashi, ko kuwa magana ta mutu?

Wasiƙa ta biyu daga wani dattijo ce a Garwa. Ɗansa yana karatu a Amurka, ya sayi kwamfuta ta intanet, ta zo a fashe, ya mayar da ita, masu kanti suka yi ta ja masa rai, sai ya kai kuka bankinsa aka mayar masa da kuɗinsa. Bayan wata huɗu sai ga takarda daga wani kamfanin karɓar bashi, ana neman ya biya. Dattijon ya ce mahaifiyar yaron ba ta iya barci, har suna shawarar sayar da gona su biya, don kada yaro ya shiga hannun hukuma a ƙasar mutane, kuma kada ya kwana da haƙƙin wani a wuyansa.

Ɗaya yana tsoron haƙƙinsa ya salwanta, ɗaya yana tsoron haƙƙin wani ya hau kansa. Amsar duka biyun tana rataye ne a kan fahimtar abu guda: mene ne matsayin wannan mayarwa da banki yake yi?

Yadda kuɗin kati yake tafiya, da yadda yake komowa

Idan mutum ya miƙa tsabar kuɗi a kasuwa, mutum biyu ne a cikin ciniki. Idan kuwa kati ya miƙa, aƙalla biyar ne: mai saye, da bankin da ya ba shi kati, da mai sayarwa, da bankin da yake karɓar wa mai sayarwa kuɗi, sa'an nan kamfanin da ya shimfiɗa hanyar da kuɗin yake bi, irin su Visa da Mastercard. A ƙasashen sefa na Afirka ta Yamma akwai kuma GIM-UEMOA, wadda aka kafa a 2003 da mazauni a Dakar domin haɗa katunan bankunan yankin, kamar yadda GIMAC take yi a ƙasashen tsakiyar Afirka, ciki har da Kamaru da Cadi.

Kowane ɗan kasuwa da ya yarda ya karɓi kati ya sa hannu a kan yarjejeniya da bankinsa, kuma a cikinta akwai sharaɗin da yawancinmu ba ma karantawa: idan mai kati ya yi jayayya a kan wani biya, banki yana da ikon zare kuɗin daga asusun ɗan kasuwa kafin a gama bincike. Wannan shi ne abin da ake kira rétrofacturation a shafukanmu na Faransanci, mu kuma a nan za mu kira shi mayar da biya.

Dalilan da ake karɓa sanannu ne: an yi amfani da katin ba da izinin mai shi ba, ko kaya ba su iso ba, ko sun iso amma sun saɓa wa abin da aka siffanta, ko an cire kuɗi sau biyu, ko an ci gaba da cire kuɗin wata-wata bayan mutum ya soke. A ƙa'idojin manyan kamfanonin kati, mai kati yana da kimanin kwana 120 a yawancin waɗannan dalilai. Da zarar ya kai kuka, bankinsa yakan mayar masa da kuɗin na wucin gadi, ya nemi bankin ɗan kasuwa, shi kuma ya zare daga asusun ɗan kasuwa tare da ladan aiki. Daga nan ana ba ɗan kasuwa ƴan makonni ya kawo hujja: takardar ciniki, shaidar isar da kaya mai ɗauke da sa hannu, saƙonnin da suka yi musaya. Idan hujjarsa ta gamsar, kuɗi ya koma masa. Idan ya yi shiru har wa'adi ya wuce, ya faɗi, ko da shi ne mai gaskiya. Akwai mataki na ƙarshe inda kamfanin kati da kansa yake raba gardama tsakanin bankunan biyu, amma kuɗin shigarsa yana da yawa, har ƙaramin ɗan kasuwa ba ya kusantarsa.

An kafa wannan tsari ne domin kare mai saye, kuma alheri ne babba. A Amurka dokar 1974 ta ba mai katin bashi kwana 60 daga aiko masa da takardar lissafi ya yi jayayya a rubuce. A ƙasashen Tarayyar Turai, ciki har da Faransa, wanda aka cire wa kuɗi ba da izininsa ba yana da wata 13 ya nemi a mayar masa, idan biyan a cikin Turai aka yi shi. Ba don irin wannan kariya ba, da babu mai hankalin da zai rubuta lambar katinsa ga ɗan kasuwar da bai taɓa gani ba.

Banki ba alƙali ba ne

To, ƴan'uwa, a nan gizo yake saƙa. Ma'aikacin bankin da ya duba takardu bai zaunar da mutum biyu a gabansa ba, bai rantsar da kowa ba, bai kira shaidu ba. Abin da ya duba shi ne ko an cika ƙa'idojin kati, ko an amsa a cikin wa'adi, ko takardar da aka kawo tana cikin irin waɗanda ake karɓa. Abin da ya yanke shi ne asusun da kuɗin zai kwana a ciki. Cinikin da aka ƙulla tsakanin mai saye da mai sayarwa yana nan daram, ba a warware shi ba.

Su kansu kamfanonin kati sun san haka. Ƙa'idar Visa ta hana ɗan kasuwa ya sake tura wancan biya a kan katin bayan an mayar masa da shi, amma ta bar masa ƙofar neman kuɗinsa daga mai saye ta wata hanya dabam, wajen tsarin kati. Saboda haka ɗan kasuwar da ya ajiye lambar katin abokin cinikinsa ya sake zarar kuɗi a ɓoye ya karya yarjejeniyarsa da banki, kuma ya taɓa dukiyar mutum ba da izini ba. Wanda kuwa ya rubuta takardar neman biya, ko ya wakilta mai karɓa, ko ya kai ƙara gidan shari'a, wannan yana kan hanyar da doka ta buɗe.

A ƙasashe 17 na OHADA, waɗanda Nijar da Kamaru da Cadi da Benin da Togo suke ciki, akwai doka ta bai ɗaya a kan hanyoyin karɓar bashi cikin sauƙi, wadda aka amince da ita a Libreville a 1998, aka sabunta ta a Kinshasa a 2023. A ƙarƙashinta mai bin bashi yana iya neman shugaban kotu ya ba da umarnin biya, muddin bashin ya samo asali daga yarjejeniya, tabbatacce ne, an san adadinsa, kuma lokacin biyansa ya yi. Ana shigar da buƙatar a kotun inda wanda ake bi yake zaune. Shi kuma idan aka isar masa da umarnin yana da kwana 10 ya yi jayayya, daga nan sai a fara da neman sulhu, in ya gagara a yi shari'a. Gana da Najeriya ba sa cikin OHADA, kowacce da tata hanyar. Abin lura shi ne, a gaban alƙali takardar banki ta mayar da biya ɗaya ce daga cikin takardun da za a duba, kuma kowane ɓangare zai kawo hujjarsa daga farko.

Abin da Shari'a ta ce

Wannan bambanci ba baƙo ba ne ga wanda ya zauna gaban malamai. Ya zo a Muwaɗɗa da Bukhari da Muslim, daga Uwar Muminai Ummu Salama, Allah Ya yarda da ita, cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu kawo ƙara gabansa cewa wani yana iya fin wani iya tsara magana har a yanke masa abin da ba nasa ba, kuma wanda ya karɓi irin wannan, yankin wuta ya karɓa. A kan wannan hadisi ne malamai suka gina ƙa'idar cewa hukuncin alƙali a kan dukiya ba ya mayar da haram halal ga wanda ya san gaskiya a zuciyarsa. Idan haka abin yake ga hukuncin alƙali, ina ga shawarar ma'aikacin banki da bai taɓa ganin fuskar kowa ba? Aya ta 188 a Suratul Baƙara ma ta yi hani ga amfani da mahukunta a matsayin tsani na cin dukiyar mutane da gangan.

Wani ɗalibi yana iya kawo shubuha a nan. Malamai da dama na wannan zamani suna kallon biya da kati a matsayin hawala, wato mai saye ya tura mai sayarwa ga banki ya karɓi kuɗinsa a can. A mazhabar Malikiyya kuwa, kamar yadda Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya kawo a Risala, wanda aka yi wa hawala ya amince ba ya komawa kan na farko ko da na biyun ya talauce, sai fa in an yaudare shi. Shin wannan bai nuna cewa wuyan mai saye ya kuɓuta tun ranar da kati ya wuce ba? Amsa ita ce, wancan hukunci yana magana ne a kan wanda aka tura gare shi ya gaza biya. A mas'alarmu banki bai gaza ba, ya ma biya. Mai saye ne da bakinsa ya sa aka janye. Wanda ya miƙa kuɗi da hannun dama ya karɓe da na hagu ba a ce ya biya. Don haka magana ta koma asalinta: in kaya sun shiga hannunsa yadda aka siffanta, kuɗinsu bashi ne a wuyansa.

Daga nan sai mas'ala ta kasu gida uku.

Gida na farko shi ne inda mai saye yake da gaskiya. Kaya ba su iso ba, ko sun iso da aibin da aka ɓoye, ko sun saɓa wa siffa, ya kuma mayar da su. A Malikiyya, kayan da aka sayar bisa siffa ba a gabansu ba, in ba ƙasa ko gida ba ne, lamuninsu yana kan mai sayarwa har su shiga hannun mai saye, sai in an yi sharaɗin saɓanin haka. In sun ɓata a hanya, mai sayarwa zai bi wanda ya ɗauki dakon. Mai saye kuma yana da zaɓin mayar da abin da ya zo da aibi ko ya saɓa wa siffa. A wannan gida babu bashi sam, kuma ɗan kasuwar da ya tura masu karɓa alhali ya san haka azzalumi ne, ko da doka ba ta kama shi ba.

Gida na biyu shi ne inda aka sace kati ko lambarsa. Mai katin bai saya ba, bai sayar ba, babu ciniki tsakaninsa da kowa. Asara ce mai ciwo ga ɗan kasuwa, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, amma wanda zai bi shi ne ɓarawon. Shi ya sa muke jan hankalin ƴan kasuwarmu su riƙa amfani da tsarin da yake neman lambar sirri, ko lambar tabbatarwa da banki yake aika wa mai kati a wayar salula, domin a ƙa'idar kati idan aka bi wannan mataki nauyin asarar sata yakan koma kan bankin da ya ba da katin.

Gida na uku shi ne inda mai saye ya karɓi kaya lafiya, sa'an nan ya ce bai karɓa ba, ko bai san da cinikin ba. Wannan ya haɗa laifi biyu, ƙarya da cin dukiyar ɗan'uwansa, kuma bashi yana nan a kansa har ya biya ko a yafe masa. Ɗan kasuwa yana da cikakken iko, a doka da Shari'a, ya bi shi.

Zambar cikin gida

Akwai wani reshe na wannan gida na uku da ya shafi iyalai kai tsaye, kuma ba kullum yake farawa da mugun nufi ba. Maigida ya duba takardar asusunsa ya ga an cire kuɗi da sunan wani kamfani da bai sani ba, ya ruga banki ya ce an yi masa sata, aka mayar masa. Bayan mako biyu sai ta bayyana cewa ɗansa ne ya sayi wasan waya, ko uwargida ce ta yi odar turare, ko shi da kansa ne ya manta, domin sau da yawa sunan da yake fitowa a takardar banki ya bambanta da sunan da ke jikin shago. A lokacin da ya kai kuka ba shi da laifi, domin bai sani ba. Daga ranar da ya sani kuwa, shirunsa cin amana ne. Wajibi ne ya koma banki ya janye kukansa, ko ya biya ɗan kasuwar kai tsaye, sa'an nan ya ji da tarbiyyar gidansa. Ba daidai ba ne wani bawan Allah da ke can wata ƙasa ya biya kuɗin sakacinmu da katunanmu.

Haka nan wanda ɗan kasuwa ya mayar wa kuɗi da kansa, banki kuma ya sake mayar masa, ya zama ya karɓa sau biyu. Ɗaya daga ciki ba nasa ba ne. Kada Shaiɗan ya raya masa cewa kamfanin babba ne ba zai ji ba, ko masu shi ba Musulmi ba ne. Amana ba ta tambayar addinin mai ita, kuma alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi. Mu tuna cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya dakata daga sallatar gawar wani sahabi saboda bashin da ke kansa, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Ladubban bin bashi

Samun iko ba ya nufin a bi ta kowace hanya. Da farko, hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu. Wannan ƙa'ida ce da kowane ɗalibin fiƙihu ya sani. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Ɗan kasuwar da yake aika kayan dubban ɗaruruwa ba tare da takardar isarwa mai sa hannu ba, shi ya raunana kansa.

Na biyu, ba a ƙara ko dala ɗaya a kan bashi saboda jinkiri. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ɗora wa mai jinkirin biya wani ƙari kuɗin ruwa ne haramtacce. Amma kuɗin da aka kashe na haƙiƙa wajen ƙwato haƙƙi daga mai taurin bashi yana da nasa hukunci. Ibn Asim na Garnaɗa, a cikin Tuhfatul Hukkam da alƙalanmu suka daɗe suna karantawa, ya nuna cewa ladan ɗan aiken alƙali yana kan mai ƙara, sai in wanda ake ƙara ya yi taurin kai, sai ya koma kansa. Bisa wannan muke ganin ladan aikin da banki ya zare wa ɗan kasuwa saboda ƙaryar mai saye abu ne da za a iya nema, amma alƙali ko masu sulhu ne za su ƙaddara shi, ba mai bin bashi da kansa ba.

Na uku, wakilta wani ya karɓo bashi a kan lada sananne ya halatta. Sayar da bashin kuɗi ga wani kamfani a kan ƙasa da adadinsa kuwa, kamar yadda ake yi a Turai da Amurka, wannan majalisar da muka ambata ta hana shi a zamanta na Manama a 1998. Ɗan kasuwa Musulmi ya lura da irin takardar da yake sa wa hannu.

Na huɗu, a bambanta mai taurin bashi da wanda ya rasa. Jinkirin mawadaci zalunci ne kamar yadda hadisi ya tabbatar, amma aya ta 280 a Suratul Baƙara ta yi umarni da saurara wa wanda yake cikin ƙunci, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri. Zagi, da tsoratarwa da ƙarya, da kiran matar mutum ko surukansa don a kunyata shi, da watsa hotonsa a intanet, duk ba sa cikin abin da aka halatta wa mai haƙƙi. Wanda ya yi su yana iya shiga da bashin jikka 240 ya fito da bashin mutunci wanda ba ya biyuwa da kuɗi.

Amsa ga masu tambaya

Ɗan'uwanmu maɗinki, magana ba ta mutu ba. In abin da ka faɗa haka yake, kuɗinka yana wuyan wannan mutum. Ka fara da neman takardar isar da kaya daga kamfanin da ya yi dako, ka haɗa ta da saƙonninku da hoton da ka gani, ka ajiye su wuri guda. Ka tambayi bankinka ko wa'adin amsa bai ƙare ba. In ya ƙare, ka rubuta wa mutumin cikin ladabi, ka ba shi wa'adi da hanyar biya, ka kuma bar masa ƙofar fita da mutuncinsa, domin mai yiwuwa kayan sun iso ne bayan ya kai kuka, kunya ta hana shi komawa. Ka sani cewa jikka 240 kimanin yuro 366 ne, kuma tun da a Faransa yake zaune, ƙara a can take, wahalarta kuma tana iya fin kuɗin. Ga shi dokar can ta ba ɗan kasuwa shekara biyu ne kawai ya nemi haƙƙinsa daga mai saye. Saboda haka hanyar da ta fi kusa ita ce ta iyayenmu: dattijo ɗaya daga danginsa, ko limamin masallacin da yake salla, a yi magana a asirce. In ya biya, ka karɓi abin da kake bi kawai. In ya ƙi, wucewar wa'adin kotu ba ta goge komai a littafin da ba a mantuwa a cikinsa.

Baba na Garwa, Allah Ya ƙara girma, kada a sayar da gona. Takardar kamfanin karɓar bashi ba sammacin kotu ba ce, da'awa ce kawai. Dokar Amurka ta 1977 a kan masu karɓar bashi ta ba wanda aka aika wa irin wannan takarda kwana 30 ya yi jayayya a rubuce, kuma idan ya yi, dole kamfanin ya dakata har sai ya kawo shaidar bashin. Dokar ta hana su tsoratarwa da ƙarya, ta hana su kira kafin ƙarfe 8 na safe ko bayan ƙarfe 9 na dare. Abin da yaro zai guje wa shi ne yin shiru, domin irin wannan da'awa tana iya shiga kundin da ake duba amincin mutum wajen ba shi hayar gida ko bashi. Ya rubuta musu, ya haɗa da shaidar mayar da kwamfutar da takardar bankinsa, ya riƙe kwafin komai, ya kuma nemi ofishin da ke taimaka wa ɗalibai a makarantarsu. In takarda ta zo daga kotu, wannan dole ya amsa ta a cikin wa'adinta. Sai dai, Baba, ku tambaye shi tambaya ɗaya tsakaninsa da Allah: ya mayar da kwamfutar da gaske? In ya mayar, babu komai a wuyansa, mahaifiyarsa ta yi barcinta. In tana hannunsa, ko da a fashe, to bai halatta ya haɗa kaya da kuɗi ba. Ya mayar da ita ko su daidaita a kan ƙimarta.

Ga sauran iyalai kuma, kafin a kai kuka banki a fara tambayar mutanen gida, sa'an nan a nemi ɗan kasuwar, domin sau da yawa kiran waya ɗaya yana kashe maganar. Kada a bar kati da lambar sirri a hannun yara. A riƙa ajiye rasit da saƙonni har wata shida. Wanda kuma ya tuna cewa ya taɓa karɓar irin wannan kuɗi ba bisa haƙƙi ba, ko da shekaru sun wuce, ƙofar mayarwa a buɗe take, kuma yau ta fi gobe sauƙi. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunya shi ne a san da shi a musanta.

Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa namu ne, muna neman gafararSa. Allah Ya tsarkake dukiyoyinmu, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya sanya albarka a kasuwancin Musulmi a duk inda suke. A fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu, za mu koma kan maganar gado daga inda muka tsaya.